Yadda ake gina bene mai hawa ɗaya ba tare da ya rufta ba: daga duba ƙasa zuwa cire katakon dekin

Mafi yawan abin da ke kayar da bene ana aikata shi ne a cikin 'yan kwanaki ƙalilan: ranar tonon fandisho, ranar ɗaure rodi, ranar zuba dekin, da ranar cire katako. Da zarar kankare ya rufe rodi kuma an yi filasta an shafa fenti, ginin da aka yi wa ha'inci da wanda aka yi da gaskiya kamarsu ɗaya a ido. Mun ga abin da ya faru a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, inda bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya rufta da mutane fiye da 40. Mun ga na titin Beirut a Kano a watan Agusta 2022, da kuma makarantar unguwar Busa Buji a Jos ranar 12 ga Yuli 2024, inda rayuka 22 suka salwanta, yawancinsu ɗalibai. Wannan bayani na mai gini ne da wanda ya ɗora a kan aikin, domin su san wuraren da za su ce a dakata, kada a rufe sai an duba. Ba zai maye gurbin injiniya ba. Alƙaluman da ke ciki na gidan zama ne mai hawa ɗaya a sama, kuma duk inda zanen injiniyanka ya saɓa da su, zanen za a bi.

Takardu da mutane

Bene yana buƙatar zane iri biyu. Akwai zanen tsarin gida, mai nuna ɗakuna da ƙofofi da tagogi. Akwai kuma zanen ƙarfin gini, wanda injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi ta Najeriya, ke lissafawa ya buga hatiminsa, mai nuna girman kowane ginshiƙi da bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗauke da dekin), da kaurin rodi da tazararsa. Mutane da yawa na farkon kawai suke biya, na biyun su bar wa mai lanƙwasa rodi ya yi "yadda aka saba". Shi kuwa abin da ya gani a wani gini yake kwaikwaya, bai san nauyin da naka zai ɗauka ba. Ka kai zanen biyu hukumar tsara birane ta jiharka, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, ka karɓi izini kafin a sa diga. Idan kana da niyyar ƙara hawa nan gaba, yanzu za ka faɗa wa injiniya. Tun ran gini, tun ran zane.

Ka yi yarjejeniya da injiniyan a rubuce cewa zai zo da ƙafarsa sau huɗu aƙalla: bayan tono kafin a zuba komai, bayan ɗaure rodin fandisho da ginshiƙai, kafin zuba dekin, da kuma kafin cire tokara. Kuma kada mai duba aikin ya zama yaron ɗan kwangila ne, ko wanda ɗan kwangilar ke biya.

Ƙasar da za a ɗora ginin

Kafin injin gwaji ya zo, ka tambayi dattawan unguwa me ke wurin shekara ashirin da suka wuce. A tsofaffin garuruwa irin su Kano da Zariya da Katsina, filaye da dama kududdufai ne da aka haƙa don ginin ƙasa, daga baya aka cike su da shara da ɓaraguzai. Sama ta yi tauri, amma ƙasa na ci gaba da ruɓewa tana zama. A Jos da kewayenta akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza. A sassan Borno da Adamawa da Gombe akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shiga tsagar. Irin wannan ƙasa tana ɗaga gini tana sauke shi duk shekara, kuma fandisho na gama-gari ba ya jure mata. Fadama da bakin rafi su ma haka.

A haƙa ramin gwaji biyu ko uku, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a kusurwoyi daban-daban. Idan ka ga leda, tsumma, toka ko gutsattsarin tukwane a ƙasan rami, cikon shara ne. Idan ruwa ya tsattsafo ya kwanta cikin dare ɗaya, ruwan ƙasa na kusa. A duk waɗannan halaye, kuma a duk ginin da zai wuce hawa ɗaya, a ɗauko masu gwajin ƙasa su ba da rahoto a rubuce. Daga rahoton ne injiniya zai san ko fandishon layi da gindin kankare a ƙarƙashin kowane ginshiƙi sun isa, ko kuwa sai an shimfiɗa kankare mai rodi a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya. 

A ƙasa mai kyau, irin jar ƙasa mai burji, ana tona kusan mita ɗaya zuwa mita 1.2, har sai an wuce baƙar ƙasar sama. Faɗin kankaren da ke ƙarƙashin bulo mai inci 9 ya ninka kaurin bulon sau uku, wato milimita 675, kaurinsa kuma milimita 225. A ƙarƙashin kowane ginshiƙi a fara zuba siririn kankare na milimita 50 don kada rodi ya kwanta a kan ƙasa. Idan an yi ruwa ramin ya cika, a kwashe ruwan, a kankare taɓon har a kai ƙasa mai tauri. Ramin da ya wuce mita 1.2, musamman na sokawe, a tokare gefensa da katako, ƙasar da aka tono kuma a tara ta nesa da baki da mita ɗaya. Leburori da yawa sun mutu a ramin da bai fi tsayinsu da komai ba, domin ƙasar da ta danne ƙirji ba ta barin numfashi. Idan kuma katangar maƙwabci na daf da ramin, kada a tone tsawonta a lokaci ɗaya. A yi gaɓa-gaɓa, a zuba wannan kafin a buɗe na gaba.

Cikon da za a yi kafin jamanfulo, wato daɓen kankaren ƙasa, a zuba shi kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce milimita 150 zuwa 200, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara wani. Juye tifa uku a ɗaki a baje da shebur shi ke sa daɓe ya lotsa bayan damina biyu.

Kayan aiki: abin da za ka gwada da hannunka

Siminti. Buhu kilo 50 ne, kuma ana rubuta ƙarfinsa a jiki. Don ginshiƙi da bim da dekin, a nemi mai lamba 42.5. A ajiye shi a kan katako, nesa da bango, kada a jera fiye da buhu goma a tsaye, kuma a yi amfani da shi cikin wata uku. Sa hannu a cikin buhu: idan akwai dunƙulen da yatsa bai iya murƙushewa, ya sha danshi, kada ya shiga dekin. Ka riƙa ɗora buhu ɗaya-ɗaya a sikeli, saboda akwai masu farke buhu su rage su sake ɗinkewa.

Yashi. A samu mai kaifi na rafi. Gwajinsa mai sauƙi ne: zuba yashi a kwalba mai haske zuwa rabi, ƙara ruwa da ɗan gishiri, girgiza sosai, ajiye awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. Idan kaurin lakar ya wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na tsayin yashin, a mayar da tifar ko a wanke shi. Laka na lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta, kuma tana sa a ƙara ruwa.

Tsakuwa. Fasasshen dutse mai girman milimita 20, wanda ake kira uku bisa huɗu, shi ya dace da dekin da bim. Wanda ya fi haka girma yana maƙalewa tsakanin rodi ya bar rami. Tsakuwar da aka tono daga ƙasa tana zuwa da jar ƙasa a jikinta, sai an tace an wanke.

Ruwa. Wanda za ka iya sha shi ya dace. Ruwan kwata ko na kududdufi yana ɗauke da gishiri da datti masu cin rodi.

Rodi. Nan ne aka fi cutar masu gini, domin ido ba ya bambance milimita 12 da 11. Sikeli yana bambancewa. Sanda ɗaya mai tsawon mita 12 ya kamata nauyinta ya zama kamar haka: Y10 (wato mai kaurin milimita 10) kilo 7.4, Y12 kusan kilo 10.7, Y16 kusan kilo 19. Wato tan ɗaya na Y12 sanda 93 ne ko 94, na Y16 kuma 52 ko 53. Idan mai sayarwa ya ce tan ɗinsa na Y12 ya fi ɗari, kada ka ɗauka ragi ya yi maka: ko rodin siriri ne, ko gajere. Rodin da ya ragu da milimita ɗaya tak daga 12 zuwa 11 ya rasa kusan kashi 16 cikin ɗari na naman ƙarfensa. Sannan a lanƙwasa guntu ɗaya a gani. Idan ya tsage a gwiwa ko ya karye, ƙarfen gautsi ne da shi. A aikin bene ya kamata a yanki guntaye a kai ɗakin gwaji na jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha mafi kusa, a ja su da inji a ga ko sun kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi. Ɗan jan tsatsa na sama ba laifi ba ne. Wanda ke ɓarewa ɓawo-ɓawo, ko wanda ya sha baƙin mai, shi ne abin ƙi.

Bulo. Buhu ɗaya bai kamata ya fitar da bulo mai inci 9 fiye da 30 ba, amma za ka tarar da masu fitar da 45 zuwa 50. Ɗaga bulo zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya, ko ya rabe biyu. Marar kyau zai watse ya koma yashi. Idan farce na iya kankare gefensa, bai sha siminti ba ko bai sha ruwa ba.

Ɗaure rodi

Ka riƙe zanen a hannu ka ƙirga. Ginshiƙin gidan zama yawanci milimita 225 ne kowane gefe, da rodin Y16 guda huɗu, da ringi, wato zoben rodin da ke kewaye su, a tazarar da zane ya nuna, sau da yawa milimita 150 zuwa 200. Masu aiki kan buɗa tazarar ringi zuwa 300 don su rage wahala. Ringi shi ke hana dogayen rodin bankarewa waje idan nauyi ya danno, kuma a bim shi ke hana tsagewar da ke tashi a karkace kusa da ginshiƙi, wadda ba ta ba da sanarwa kafin ta karye. Bakin kowane ringi a lanƙwasa shi ya shiga ciki.

Inda za a haɗa rodi biyu, su haɗu a tsawon da ya ninka kaurin rodin sau 50: milimita 600 ga Y12, milimita 800 ga Y16. Kada duk haɗin ya taru a layi ɗaya. Kada a haɗa rodin ƙasa a tsakiyar bim, domin nan ne ya fi shan ja. Kada kuma a haɗa rodin sama a kan ginshiƙi.

Dole kankare ya lulluɓe rodi ta kowane gefe: milimita 20 zuwa 25 a dekin, 25 zuwa 30 a bim, 30 zuwa 40 a ginshiƙi, 50 a fandisho. Ana samun haka ne da 'yan ƙananan dunƙulen siminti da ake kira biskit, a yi su kwana bakwai kafin aiki, da wayar ɗauri a jikinsu. Gutsuren bulo ko katako ba ya maye gurbinsu. Rodin da ya kwanta a kan katako zai fito fili a ƙasan dekin, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Duk silin ɗin da ka ga yana zubar da ɓawo rodi na leƙowa, sau da yawa daga nan matsalar take farowa.

Baranda mai leƙowa waje ba tare da ginshiƙi ba tana buƙatar kulawa ta musamman. A dekin na cikin ɗaki, babban rodi a ƙasa yake. A baranda mai leƙowa kuwa a sama yake, saboda saman ne ke shan ja. Rodin ya koma cikin dekin aƙalla sau ɗaya da rabi na tsawon abin da ya leƙo, kuma a ɗora shi a kan kujerun rodi masu ƙarfi, kusa da kusa. Abin da ke faruwa shi ne a ɗaure shi daidai, ranar zubi leburori su tattake shi da baro da ƙafa ya koma ƙasa, kankare ya rufe. Ranar da aka cire tokara, ko ranar da mata suka taru a kai kallon biki, sai ta karye daga gindi. Maganinsa a shimfiɗa katakon tafiya a sama, kuma a ajiye mai rodi ɗaya da ba shi da wani aiki ranar sai gyara abin da aka taka.

Bututun wuta da na ruwa a sa su kafin zubi, bisa yardar injiniya. Bututun bayan gida mai inci 4 ba ya ratsa ginshiƙi ko bim. Kuma a kula da wayar lantarki ta kan titi lokacin ɗaga rodi sama: sanda mai mita 12 tana kai wa waya kafin mai riƙe da ita ya ankara.

Katako da tokara

Lissafa nauyin da za su ɗauka. Kankare mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi yana da nauyin kilo 2,400. Dekin mai kaurin milimita 150 yana da kilo 360 a kowace murabba'in mita. Gida mai mita 10 a 12 zai ci kankare mita 18 na irin wannan awo, wato sama da tan 43, ban da bim, ban da mutane da baro. Duk wannan a kan gora ko katako yake tsaye har kankaren ya kama. Gine-gine da yawa ranar zubi suke ruftawa saboda wannan.

Tokara ta zama miƙaƙƙiya, guda ɗaya daga ƙasa har sama, a tazarar da ba ta wuce milimita 600 ba idan gora ce ko katako. Kada a haɗa gajeru biyu da ƙusa, kada a ɗora ta a kan bulo da aka jera don ta kai. Ta tsaya a kan jamanfulo; idan dole a kan ƙasa ne, a shimfiɗa faffaɗan katako a daddaɓaɓɓiyar ƙasa, domin ruwan da ke ɗiga lokacin zubi yana jiƙa ƙasar tokara ta nutse. A ɗaure tokarori da juna da katako a tsakiyar tsayinsu ta ɓangarori biyu, da wasu a gicciye. Gora busasshiya mai tsaga ko wadda gara ta ci a fitar da ita. A toshe ramukan katako don ruwan siminti kada ya tsiyaye, a share ƙasan akwatin ginshiƙi da bim daga garin katako da ledar ruwa, a jiƙa katakon kafin zubi.

Ranar zuba dekin

Kada a fara sai komai na wurin: siminti da rarar buhu goma, injin kwaɓi, injin girgiza da man da zai ishe su, ruwa a tanki, leda babba saboda hadari. Dekin mai mita 18 na kankare zai ci buhu 115 zuwa 120 a haɗin 1:2:4 na siminti da yashi da tsakuwa, bim da matakala kuma a lissafa su daban. Idan an gama ka ga buhu talatin sun yi saura, ba ribar da ka ci. Dekin ɗinka ne bai sha siminti ba. A ƙirga buhunan da babu komai a ciki da yamma.

Ma'auni shi ne kwanon sarki, a shafe bakinsa. Buhu ɗaya kwano biyu ne. Haɗin 1:2:4 yana nufin buhu ɗaya, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Inda injiniya ya nemi mai ƙarfi, 1:1.5:3, buhu ɗaya ne da kwano uku na yashi da shida na tsakuwa. Awo da baro yana kawo ha'inci, don baron wani ya fi na wani, kuma ana tula shi ya yi tozo. A sa mutum ɗaya amintacce a bakin inji, aikinsa ƙirga kawai.

Ruwa shi ne babban abin faɗa. Buhu ɗaya jarka ɗaya mai lita 25 yake buƙata, idan yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Leburori suna son kankare mai ruwa saboda ya fi sauƙin ɗauka da bajewa, kuma gaskiya aikinsu da wahala. Amma ruwan da ya wuce buƙatar siminti yana ƙafewa ya bar ƙananan ramuka a ciki, ƙarfin kankaren ya faɗi ƙwarai. Kankaren da ke malala kamar koko ya lalace tun kafin ya hau sama. Ana gwada shi da mazurarin ƙarfe mai tsayin milimita 300: a cika shi kashi uku, kowane kashi a soke shi sau 25 da sandar ƙarfe, a ɗaga mazurarin a hankali, a auna yadda tulin ya sauka. Milimita 50 zuwa 100 ya yi. Idan kankare ya yi tauri da yawa, a yi magana da injiniya a kan maganin sassauta shi, kada a kama tiyo.

A bar inji ya juya minti biyu bayan komai ya shiga. Abin da aka kwaɓa ya isa wurinsa cikin rabin awa, musamman da bazara. Wanda ya fara daskarewa a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, a fara da asuba, a jiƙa tsakuwa, a rufe tankin ruwa daga rana.

A fara cika bim, sannan dekin, ana tafiya daga gefe ɗaya zuwa ɗayan ba tare da tsallake ba. Kada a tula kankare wuri ɗaya a kan katako da niyyar bajewa daga baya. A ginshiƙi kada a sako shi daga sama da mita ɗaya da rabi, don tsakuwa na rabuwa ta taru a gindi, inda nauyi ya fi yawa. Injin girgiza a soka shi a tsaye, daƙiƙa 5 zuwa 15, har kumfa ta daina fitowa, a zare a hankali, a matsa kamar milimita 400. Kada a yi amfani da shi wajen tura kankare gefe. Bubbuga katako da guduma ba ya wadatarwa a bim mai rodi da yawa.

Kafinta ɗaya ya tsaya daga gefe yana lura da tokara duk tsawon zubin, kuma a hana kowa zama a ƙarƙashi, har masu sayar da abinci da yara masu neman inuwa. Idan aka ji ƙarar katako ko aka ga tokara ta lanƙwashe, a tsayar da aiki kowa ya sauka tukuna. Idan dole a dakata saboda ruwan sama ko lalacewar inji, injiniya ne zai nuna inda za a yanke, a tsayar da bakin da katako a miƙe. Kada a yanke a gindin baranda ko a bakin ginshiƙi.

A cika akwatunan gwaji shida masu milimita 150 daga kankaren da ake zubawa, ba wanda aka kwaɓa na musamman ba. Washegari a cire su a jiƙa a ruwa, a kai uku gwaji a kwana 7, uku a kwana 28. Masu aiki kuma su sa hular kwano da takalmin roba da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

Ban ruwa da cire katako

Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Siminti na haɗuwa ne da ruwa a hankali, kuma idan ruwan ya ƙafe da wuri haɗuwar ta tsaya ke nan. Da hunturu iska na busar da fuskar dekin cikin awa biyu ta tsattsage, ko da ana sanyi. Da zarar sama ta kama yadda yatsa ba ya shiga, a rufe da leda ko jiƙaƙƙen buhun algarara. Washegari a yi ɗan bakin siminti kewaye da dekin a tara ruwa a kai. Kwana 7 ne mafi ƙaranci, 14 ya fi. Yayyafi sau ɗaya da safe, rana ta shanye kafin hantsi, bai isa ba. Ginshiƙai a naɗe su da buhu a riƙa jiƙawa.

A kwana 7 kankare bai wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa ba, sai a kwana 28 yake kai wanda aka yi lissafi da shi. Katakon gefen ginshiƙi da bim ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Tokarar ƙarƙashin dekin da bim a bar ta kwana 21, ta baranda mai leƙowa da dogon bim kwana 28, kuma sai sakamakon gwaji ya fito injiniya ya amince. Mai hayar katako zai matsa maka lamba don yana da wani aikin. Ka biya shi kuɗin ƙarin mako. A dekin ana fara sassauta tokara daga tsakiya zuwa gefe, a baranda kuma daga bakin waje zuwa ciki. Kada a tara bulo a tsakiyar sabon dekin: bulo ɗari mai inci 9 ya haura tan biyu. A rarraba su kusa da bango da kan bim.

Bayan cire katako a zagaya a duba kafin birkila ya zo. Inda aka ga tsakuwa tsirara da ramuka, ko rodi a fili, kada a bari a shafe da filasta a ɓoye. Injiniya ya gani, a sassaƙe har a kai kankare mai kyau, shi zai ce a cike ko a fasa a sake.

Bayan an tare

An lissafa dekin ɗin gidan zama ne a kan kusan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Ajin makaranta yana buƙatar kusan kilo 300, ɗakin taro da sito fiye da haka nesa. Saboda haka mayar da gidan zama makaranta, ko jibge buhunan hatsi a ɗakin sama, canjin nauyi ne da ke buƙatar sabon lissafi. Tankin ruwa mai lita 5,000 tan biyar ne a wuri ɗaya. A yi masa hasumiyarsa daban. Kada a rushe bangon ƙasa don faɗaɗa shago, kada mai gyaran famfo ko wuta ya sassaƙe ginshiƙi, kada a ɗora sabon bango a tsakiyar dekin inda babu bim a ƙarƙashi. Sokawe da rijiya su yi nesa da fandisho da aƙalla mita uku, ruwan indararo kuma a kai shi kwata, kada ya riƙa zuba a gindin bango.

Kafin kowace damina a zagaya ginin. Siririyar tsaga a filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ke tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo kamar matakala, ko wadda ta kai milimita 3 zuwa 5, alamar fandisho na motsi ne. A shafa ɗan siminti a kanta a rubuta kwanan wata. Idan ya sake tsagewa cikin makonni, motsin bai tsaya ba, a kira injiniya. Ƙofofin da suka fara cijewa tare su ma alama ce. Idan kuwa ginshiƙi ne ya tsage ko yake zubar da ɓawo, ko dekin ya yi ciki, ko ana jin ƙara daga cikin gini yashi na zubowa, a fitar da kowa nan take ba tare da tsayawa kwashe kaya ba, a hana wucewa ta gefen, a sanar da hukumar tsara birane da ta agajin gaggawa, ko a kira 112. Kada kowa ya koma ciki, ko don sa tokara, sai injiniya ya zo ya nuna inda za a kafa ta.